Devcon 10110 a aikin gyaran ƙotar bindigar farauta

A nan jihar Wisconsin ta Amurka, babban lokacin farautar barewa da bindiga kwana 9 ne kacal a watan Nuwamba, shi ya sa ba mai son shiga daji da bindigar da harsasanta ba sa sauka wuri ɗaya. Tawa Remington 700 ce mai ƙotar katako, ta hannu na saya. Mai ita na farko ya dasa mata ginshiƙai a gida, wato 'yan bututun alminiyam biyu da ake kafawa cikin ƙota, sukurorin da ke ɗaure ƙarfen bindigar su bi ta cikinsu, don kada katako ya lotsa ko danshi ya sauya wa ƙarfen zama. Niyyarsa mai kyau ce, aikin ne bai yi ba.

Da na kwance ta, sai ga ramukan iska a cikin tsohon gam ɗin da ya shimfiɗa cikin ƙotar don ƙarfen ya zauna a kai daidai, ginshiƙin baya kuma gam ya rufe kansa, ƙarfe bai taɓa shi ba sam. Idan na sassauta sukurun gaba, ina jin bututun bindigar yana motsi a ƙarƙashin yatsana. Wannan alama ce cewa ƙarfen a tanƙware yake zaune.

Devcon 10110 na zaɓa, kuma ko gobe da shi zan sake yi. Gam ne mai haɗi biyu, da garin ƙarfe a cikinsa, kaurinsa kamar kwaɓin fulawa. Inda ka ajiye shi nan yake zama, ba ya gangarawa ramin kunamar bindigar. Ga mai gyaran aikin wani, wannan shi ne komai, domin shafe kaɗan za ka yi a kan tsohon. Na kankare saman tsohon gam da Dremel, wato ɗan injin gurza na hannu, na bar shi da kaushi, na fito da kan ginshiƙan fes, na goge maiƙo da sinadarin asiton. Sabon ya kama tsohon gam-gam.

Haɗinsa yana son sikeli: kashi 9 na gam da 1 na sinadarin da ke ƙanƙarar da shi a nauyi, ko 2.5 da 1 in da cokali ake awo. Kada a yi shi da ido. Yana ba ka kusan minti 45 kana aiki, ya isa a yi a natse, sannan awa 16 kafin ya ƙanƙare. Ni kwana guda cur na ba shi. Launinsa toka mai duhu ne, zai fito a gefen katako idan ba a share abin da ya ɓullo tun yana ɗanye ba.

Abin da nake roƙon kowa shi ne kada ya yi rowar man da ke hana gam kama ƙarfe, domin gam ɗin mazauni kawai zai zame wa ƙarfen, ba a son ya manne shi da ƙota. Man takalmi na Kiwi marar launi na shafa sau biyu a ko'ina, har da sukurori, na goge. Kowane rami da lungu na jikin ƙarfen na toshe da yumɓun wasan yara, domin in gam ya shiga lungu ya bushe, ya kulle ke nan. Haƙorin ƙarfen da ke tare bugun baya idan an harba na liƙa masa salatif a gaba da gefuna da ƙasa, bayansa kaɗai ya zauna a gam. Wanda tasa ta riga ta maƙale, ya sa ta a firiza ta kwana, sau da yawa sanyi kan sa ƙarfen ya saki. Guduma ba ta cikin maganar.

Yayin bushewa ban matse sukurorin ba, na dai riƙe ƙarfen da roba. Bayan nan na ɗan faɗaɗa ramin ginshiƙan don kada sukuru ya taɓa bangonsu ya ɗauki bugun da ba nasa ba. Yanzu ko na sassauta sukurun gaba ba abin da ke motsi, a yadi 100 kuma harsasan sun daina yawo.