Cin Abincin Dare a Time Out Market na Dubai: Abin da Kuɗin Mutum Ke Saya Masa

Duk wanda ya saba shiga manyan kantunan zamani ya san irin zauren cin abincin da ake warewa a benen sama, inda shaguna ke jere, kujerun roba na tsakiya, ana miƙo abinci a cikin kwali, mutum ya ci a gurguje ya koma sayayyarsa. Time Out Market na birnin Dubai wannan tsari ya ɗauka, sai dai maimakon kamfanonin soyayyar kaza da ake samu a kowane lungu na duniya, an cika shi da masu girkin da suka riga suka yi suna a cikin birnin. An buɗe shi a watan Afrilun 2021 a hawa na uku na Souk Al Bahar, wato rukunin shagunan da wata gajeriyar gada ta haɗa shi da Dubai Mall, kuma faɗinsa ya kai murabba'in ƙafa 43,000, da wuraren girki 17 da mashaya uku a lokacin da ya fara aiki.

Asalin sunan na wata mujalla ce da Tony Elliott ya kafa a Landan a shekarar 1968, wadda aikinta shi ne gaya wa mazauna birni inda za su ci da inda za su je kallo. A shekarar 2014 kamfanin ya buɗe kasuwar abincinsa ta farko a tsohuwar kasuwar Ribeira da ke Lisbon, babban birnin Fotugal, bisa hujjar cewa tunda editocinsu ne ke auna gidajen abinci, to su tattaro waɗanda suka fi burge su a ƙarƙashin rufi ɗaya. Wannan shi ne abin da ya raba wurin da sauran zaurukan cin abinci, domin mai shago ba ya samun gurbi don kawai yana da kuɗin haya, sai an gayyato shi, kuma daga lokaci zuwa lokaci wasu na fita wasu na shigowa.

Mafi yawan mutanenmu da ke zuwa Dubai saro kaya a unguwar Deira suke sauka, kusa da Naif da kasuwar zinariya, kuma daga can hanya ba ta da wuya. Mutum zai hau jirgin metro a tashar Baniyas Square, ya sauya zuwa jan layi a tashar Union, ya sauka a tashar Burj Khalifa/Dubai Mall. Daga nan akwai doguwar gada rufaffiya mai sanyin na'ura wadda tsawonta ya haura mita 800, sannan sai an ratsa cikin Dubai Mall ɗin kansa kafin a fito bakin tabki a tsallaka zuwa Souk Al Bahar. Tafiya ce mai ɗan nisa a ƙafa, don haka wanda yake tare da dattijo ko mai ciwon gwiwa gara ya ɗauki tasi ya ce a sauke shi a ƙofar Souk Al Bahar kai tsaye.

Da shigarka za ka tarar da zaure guda mai faɗi, wuraren girki sun kewaye shi, kowanne da sunansa a sama da jerin abincinsa da farashi, dogayen teburan katako kuma a tsakiya waɗanda kowa da kowa ke zama a kansu. Babu sabis da zai zo ya tsaya a kanka da takarda. Kai ne za ka je gaban shagon da ka zaɓa, ka faɗi abin da kake so, ka biya nan take, a ba ka wata 'yar na'ura da za ta yi ƙara tana walƙiya idan abincinka ya kammala. A faranti na tangaran ake zuba abincin, da cokali da wuƙa na ƙarfe, ma'aikata kuma na zagayawa suna kwashe kwanukan da aka gama da su. Girkin a gaban idonka ake yin sa, kuma ni wannan ya fi komai kwantar mini da hankali, domin wanda ya ga wutar da aka gasa namansa da hannun da ya juya shi ba ya buƙatar a rantse masa a kan tsafta.

A ganina baƙo ya kamata ya fara da abincin 'yan ƙasa, domin abin mamaki ne yadda mutum zai yi ta zuwa Dubai shekara da shekaru, ya ci na Indiya da na Pakistan da na Labanan, amma bai taɓa ɗanɗana girkin Larabawan Haɗaɗɗiyar Daular ba. Gidan abincin Al Fanar, wanda yana cikin waɗanda aka buɗe kasuwar da su, shi ne ya shahara da wannan fanni. Machboos ɗinsu shinkafa ce da ake dafawa a cikin romon nama ko kaza ko kifi, da albasa da kayan ƙamshi, da busasshen lemun tsami wanda ya yi baƙi saboda shanya, kuma shi ne ke ba ta wani ɗan tsami mai haɗe da ɗaci kaɗan da ba a samu a biriyani. Shinkafar ta fito warwar, kowace ƙwaya da kanta, naman kuma ya dahu har yana rabuwa da ƙashi ba tare da an sa wuƙa ba. Wanda harshensa ya saba da attarugu zai ji yajin ya yi masa sanyi, domin girkin yankin Gulf ƙamshi yake bi ba zafi ba, kuma bai kamata a ɗauki hakan a matsayin kasawar mai girki ba. Bayanta sai luqaimat, 'yan dunƙulen fulawa da ake soyawa a zuba musu zumar dabino a barbaɗa riɗi, waɗanda ake yawan ci lokacin buɗa baki a watan azumi. Da zafinsu suke da daɗi, bayansu na ƙaras-ƙaras cikinsu kuma da laushi, idan suka huce sai su yi danƙo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne naman Hattem Mattar, Bamisiren da ya koyo sana'ar gashin hayaƙi a jihar Texas ta Amurka ya kawo ta Dubai. Naman ƙirjin saniya yake amfani da shi, wanda duk mahauci ya san yanki ne mai tauri da jijiya, wanda idan aka ɗora shi a kan wuta mai ƙarfi sai dai a yi ta fama da haƙori. Dabarar ita ce a shafe shi da gishiri da masoro da sauran kayan haɗi, a sa shi a cikin rufaffiyar tanda nesa da harshen wuta, hayaƙin itace da zafi kaɗan-kaɗan su yi ta ratsa shi na tsawon sa'o'i masu yawa, har jijiyar ta narke ta koma maiƙo a cikin tsokar. Idan aka yanko shi za ka ga bayansa ya yi baƙi kamar ya ƙone alhali bai ƙone ba, a ƙarƙashin baƙin akwai wani siririn layi ja-ja da hayaƙi ya bari, cikin kuma yana naso. Nama ne mai nauyi a ciki, kuma faranti ɗaya ya ishi mutum biyu idan suna da niyyar taɓa wani abu daban, wanda kuwa shi ne amfanin zuwa irin wannan wuri tun farko.

Sai Reif Othman, ɗan ƙasar Singafo da ya yi shekaru yana jagorantar girki a gidan abincin Zuma kafin ya buɗe nasa, wanda kundin Michelin ya sa a jerin masu abinci mai kyau a farashi mai sauƙi lokacin da ya fara auna gidajen abincin Dubai a 2022. Sana'arsa gashin tsinke ne irin na Japan, kuma Bahaushe na ganinsa zai tuna da tsire, sai dai babu ƙuli-ƙuli babu yaji, ana shafa masa wani romo ne mai zaƙi-zaƙi da gishiri-gishiri yana kan garwashi, kuma tsokar da ke kan tsinke ɗaya ba ta kai rabin wadda mai tsiren bakin tasha zai tsira maka ba. Gashin ya yi daidai, bai bushe ba kuma bai bar jini ba, amma wanda ya zo da yunwar wuni guda kada ya sa ran zai ƙoshi da shi kaɗai.

Sauran na ratsa su ne sama-sama. Akwai masu burodi da nama irin na Pickl, akwai fiza, akwai miyar taliya ta ƙasar Biyetnam, akwai girkin Indiya da na Sin da na Labanan, sannan akwai masu shayi da gahawa da kayan zaƙi. Shayin karak, mai madara da kadamon, ya yi kauri yadda ake so, ko da yake wanda ya saba shan sa a kan dirhami ɗaya ko biyu a shagunan Deira zai ɗan yi jim idan ya ga farashinsa a nan.

Batun kuɗi kuwa sai an faɗi gaskiya. Abincin nan ya ninka na gidajen abincin Deira, kuma ya fi na zauren cin abincin da ke cikin Dubai Mall tsada, ga harajin kashi 5 cikin ɗari da ƙasar ta fara karɓa a kan kaya tun watan Janairun 2018. Tun 1997 aka ɗaure dirhami da dalar Amurka a kan dirhami 3.67 kowace dala, saboda haka duk faɗuwar da naira ta yi a gaban dala sai mai cin abinci a nan ya ji ta a aljihunsa. Amma idan aka auna ta ɗaya gefen, mutum na cin girkin mutanen da idan gidajen abincinsu na ainihi ya je sai ya nemi gurbi tun da wuri, ya kuma kashe fiye da haka kafin ya tashi. Araha ba ta ado, sai dai haɗarin wurin shi ne yadda ake biya kaɗan-kaɗan a shaguna daban-daban, ta yadda ba ka ganin jimillar abin da ka kashe sai ka koma masauki ka zauna lissafi.

Akwai abin da ya wajaba mai karatu ya sani kafin ya ɗauki iyalinsa, wato ana sayar da barasa a cikin zauren. Mashayar ba a wani ɗaki na daban take ba, kuma tunda teburan na kowa ne, yana yiwuwa wanda ke zaune kusa da kai ya ajiye kofin giyarsa a gefen farantinka. Dokar Dubai ta tanadi cewa naman da ake sayarwa a gidajen abinci ya zama na halal, naman alade kuma sai da izini na musamman da keɓantaccen wuri, don haka ba a kan nama damuwar take ba. Inda ya kamata a yi tambaya shi ne romon girkin Japan da wasu kayan zaƙi na Turawa, domin a al'adar girkinsu akan sa ɗan ruwan barasa, kuma tambayar ba ta da wani nauyi ga masu shagon tunda sun saba jin ta. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da zama a inda ake sha ba, wannan wuri ba nasa ba ne, kuma babu daɗin naman da zai sa in ce masa ya danne abin da yake ji. Masallatai na nan a cikin Dubai Mall ga wanda magariba ta riske shi.

Tsarin kowa ya je ya karɓo nasa yana da wani cikas da ba a rasawa a duk inda ake bin sa, musamman ga jama'a masu yawa. Mai fiza zai samu tasa cikin 'yan mintuna, mai jiran gashi kuma yana nan riƙe da na'ura, sai ka ga ɗaya ya wanke hannu ɗaya bai fara ba, alhali mu mun saba a sa hannu tare a tashi tare. Maganin abin shi ne a fara yin odar abin da ya fi daɗewa a wuta, a bar mutum ɗaya ya tsare wurin zama, sannan a tara faranti a tsakiya a ci tare. Daren Juma'a da na Asabar sun fi cika, tunda daga Janairun 2022 hutun mako a ƙasar ya koma Asabar da Lahadi, kuma a irin waɗannan darare ga kiɗa ga hayaniya, har sai an ɗaga murya kafin a ji juna. Wanda ke son tattauna ciniki da abokin hulɗa ya zo da rana a tsakiyar mako, ko ya nemi wani wurin.

Barandar waje ita ce gurbin da kowa ke hari. Tana fuskantar Burj Khalifa, ginin da ya fi kowanne tsawo a duniya da mita 828, wanda aka buɗe a Janairun 2010, a ƙasa kuma ga tabkin da ake wasan feshin ruwa, inda ruwa ke tashi sama kusan mita 150 yana bin sautin kiɗa duk bayan rabin sa'a daga ƙarfe shida na yamma. A bakin tabkin dubban mutane ne ke cunkushe a tsaye suna ɗaga waya, kai kuwa kana zaune da farantinka kana kallo daga sama, kuma a gaskiya wani kaso na kuɗin abincin wannan kallon ake biya. Sai dai barandar daga Nuwamba zuwa Maris take da daɗin zama, domin a tsakiyar shekara zafin Dubai kan haura digiri 40 ga kuma gumi mai naso ko da dare, kuma wanda yake son samun kujera a can sai ya iso tun kafin faɗuwar rana.

Ga mai yara ƙanana, ko wanda batun mashaya ya hana shi, ko wanda lissafin kaya ya riga ya cinye masa guzuri, tsallaka gada kawai zai yi ya koma zauren cin abincin Dubai Mall. A can ne Al Baik, mai soyayyar kazar nan ta Jidda da aka kafa a 1974 wadda duk alhaji ya san ɗanɗanon tafarnuwarta, ya buɗe reshensa na farko a ƙasar a 2021. Layin yakan yi tsawo da daddare, abincin a kwali ne, kuma daga teburin ba a hango tabki, amma feshin ruwan kyauta ne ga duk wanda ya sauko ƙasa bayan ya ci.