Katifar iska ga mara lafiyar da ba ya iya tashi: abin da na gani cikin wata 8

Wata 8 ke nan da muka shimfiɗa wa mahaifiyata katifar iska, bayan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita, kuma fatar ƙugunta ta fara yin duhu da tauri, alamar gyambon kwanciya yana tafe. Katifar tana zuwa da ɗan inji da ake ratayewa a ƙafar gado, wanda yake hura wasu layukanta yana sace wasu, bayan 'yan mintoci kuma ya sauya, domin kada nauyin jiki ya daɗe a wuri guda. A wannan fanni ta yi abin da aka saye ta dominsa, domin wurin ya washe, gyambon bai buɗe ba. Duk da haka ba mu fasa juya Mama duk bayan awa 2 ba, kamar yadda ma'aikaciyar jinya ta umarce mu, muna kuma sa filo ƙarƙashin ƙwaurinta don diddigenta ya ɗaga.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne katifar tana da sanyi. Iskar da ke kai-komo a cikinta ba ta riƙe ɗumi kamar soso, saboda haka a daren farko na taɓa bayan Mama da asuba na ji shi kamar ƙanƙara, alhali bargo biyu ne a kanta. Na so in shimfiɗa mata bargo mai kauri a ƙasa, sai aka fahimtar da ni cewa hakan yana rage amfanin katifar. Yanzu zanin gado ɗaya na auduga muke sawa, ɗumin kuwa muna nemo shi ta sama: riga mai laushi, safa marar matsi, hula, da barguna marasa nauyi, ɗakin kuma ba ma barin sa ya sauka ƙasa da digiri 18 na ma'aunin Celsius. Robar ruwan zafi ba ta taɓa fatarta, tunda ɓarin da ya shanye zai iya ƙonewa ba ta ji ba.

Ƙarar injin ba ta hana barci. Babban raunin katifar shi ne idan wuta ta ɗauke takan sace a hankali, don haka duk wanda zai saya ya shimfiɗa ta a kan katifa ta ainihi, ya riƙa zura hannu ƙarƙashin ƙugun mara lafiyar yana tabbatar da cewa akwai sauran iska.