Motar da ta daɗe a ajiye ko wadda ake hawa kullum, wacce za ka saya a Damagaram?

Jama'a in kana neman mota ta hannu a nan Damagaram kusan iri uku ne za su zo gabanka. Akwai wadda mai ita ke hawa kullum, akwai wadda aka shigo da ita daga waje, sai kuma wadda aka jingine cikin gida shekara da shekaru, wani lokaci ma mai ita ya rasu magada ke son saidawa. Ita ta ukun nan ce ke ruɗar mutane, kilomita kaɗan a kanta, fenti na ƙyalli, dillali kuma sai rantsuwa yake ai ba ta sha wahala ba.

Wallahi zaman ma wahala ne ga mota. Mutuwar batir ƙaramin abu ne. Esans ɗin da ya yi watanni a tanki lalacewa yake ya yi danƙo ya toshe hanyar mai, man birki yana jan ruwa daga iska, robobin inji su bushe su tsattsage balle in a rana aka bar ta cikin zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ga ɓeraye suna cin wayoyin wuta, za ta tashi lafiya lau gaban mai saidawa amma kana kama hanyar Mirriah ko Matameye sai ka ga mai na ɗiga ta ko'ina. Taya kuma kar zanenta ya yaudare ka, duba gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, misali 2319 na nufin sati na 23 na 2019 aka yi ta. In ta haura shekara 6 ka sa kuɗin sabbi cikin lissafi tun kafin a fara ciniki.

Ni dai wadda ake hawa kullum na fi so, ciwonta a fili yake. Ka je da makanikinka da sassafe inji na sanyi a tada ta gabanku, ku duba hayaƙi da baƙin mai, ku hau ta kan hanya mai gargada. In Corolla ce ko Hilux kayan gyara ba sa wuya, abin da babu a gari Kano ba nisa.

Ta waje tana da kyau in kana da ƙarfi, sai dai tun 2023 da iyakarmu da Benin ta rufe, abin da aka saba ɗaukowa daga Kwatano sai ya zagayo ta Lome ya ratsa Burkina, hanya ta yi tsawo kuɗi ya ƙaru. A nan takardar duwan za ka fara tambaya kafin komai.

Ko wacce ka zaɓa, lambar shasi da ke jikin mota ta zo daidai da ta kart giriz, wato takardar rajistar mota, harafi da harafi. Wadda ta daɗe a ajiye asirans da bizit teknik, wato takardar duba lafiyar mota, sun riga sun mutu, kai za ka biya, don haka a rage maka a farashi. In kuma ta gado ce don Allah kar ka ba mutum ɗaya kuɗi a ɓoye, a tara magadan duka su yarda, a rubuta takarda gaban shaidu kowa ya sa hannu.