JPL Horizons: abin da yake yi wa mai auna tauraro mai wutsiya

Wanda yake son sanin girman dunƙulen da ke tsakiyar tauraro mai wutsiya, da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya juya sau ɗaya, hotuna kaɗai ba za su ishe shi ba. Sai ya san nisan tauraron daga Rana da nisansa daga Duniya a daidai lokacin da aka ɗauki kowane hoto. Wannan ne ya sa ba na fara lissafi sai na buɗe Horizons, hidimar da cibiyar JPL ta hukumar NASA ke bayarwa kyauta a intanet.

Ka rubuta sunan tauraron, misali 67P, ka saka wurin da na'urar hangenka take da ranakun da kake so, ya jero maka tebur. Abin da na fi dubawa shi ne nisan nan biyu, kusurwar da ke tsakanin Rana da mu idan an tsaya a kan tauraron, da mintunan da haske ya yi a hanya. Na ƙarshen nan mutane kan raina shi, alhali idan ana haɗa awon watanni daban-daban, rashin cire shi yana karkata sakamakon juyawar.

Da waɗannan lambobi ake mayar da hasken zuwa ma'auni ɗaya, wato yadda zai kasance da a ce kullum daga nisa ɗaya da kusurwa ɗaya ake kallonsa. Dunƙulen baƙi ne ƙirin kamar gawayi, kusan kashi 4 cikin 100 na haske kawai yake mayarwa, kamar yadda aka gani a tauraro mai wutsiya Halley a 1986. A kan wannan zato, lamba 16 a wannan ma'aunin haske na masana taurari tana nufin faɗin kilomita 4 da ɗoriya. Juyawa kuwa, dunƙule mai tsawo yakan haskaka sau biyu ya dushe sau biyu a zagaye guda, don haka lokacin da ke tsakanin haskakawa ɗaya da ta gaba ake ninkawa biyu. Na 67P awa 12.4 ne lokacin da kumbon Rosetta ya isa a 2014.

Sai dai a yi hattara da layin N-mag na teburin, wato hasken dunƙulen. Kintace ne daga lissafi, ba awo ba ne, kada a ɗora lissafin girman dunƙulen a kansa. Ni amfanin da nake yi da teburin shi ne zaɓen lokacin da tauraron ya yi nisa da Rana, ninki huɗu na tazararmu ko fiye, inda hazon ƙura ya lafa har dunƙulen ya fito fili.