Rumfar fura da kunun aya a Tudun Wada, Gusau: ra'ayin wanda ya bar giya

Wurin ba shi da allon suna. Yana cikin Tudun Wada, 'yar tafiya kaɗan in ka sauka daga titi, jingine da katangar wani gida. Rumfar kwano ce, da benci huɗu, da tebur biyu, da firiza guda da aka haɗa wa sola bayan an gaji da jiran NEPA. Masu zuwa suna ce mata rumfar Inna, saboda dattijuwar da ke dama fura a ciki. Daga la'asar zuwa isha'i ita ke riƙe da ludayi. In an sallame sallah sai ɗanta ya kunna risho ya ɗora tukunyar shayi. Fura da nono, kunun aya, zoɓo, shayi da burodi da ƙwai, sai lemon kwalba. Iyakar hajarsu ke nan.

Ni rewaya ne, wayoyin mota nake gyarawa, kuma na yi shekaru ina shan giya kafin Allah ya raba ni da ita. Na faɗi haka ne don a san abin da nake dubawa a wurin sayar da abin sha ya bambanta da na sauran mutane. Wani daɗin baki kawai yake nema. Ni ina neman inda zan ajiye jikina daga magariba zuwa lokacin barci, don a wannan tsakanin ne Shaiɗan ya san lambar wayata.

Duk ɗan Zamfara ya san tarihin. A Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a nan Gusau, ta fara aiki a Janairu 2000, aka rufe mashaya, aka ce wanda aka kama ya sha bulala 80. Giya ba ta ƙare ba, ɗaki ta shige. Ta koma cikin gorar ruwa, cikin 'yar leda a aljihun wando. Abin da ba a cika lura da shi ba, wanda ya sha a ɓoye, a ɓoye zai bari. Ba wanda zai ce maka barka, tunda ba ka taɓa yarda kana sha ba. Matarka ta sani, ta yi shiru. Yaran shagonka sun sani, sun yi kamar ba su gani ba. Ranar da ka daina, sai ka ga tsofaffin abokan zama sun zama haɗari gare ka, sababbi kuma babu. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, gaskiya ne, amma ba wanda ke gaya maka inda za ka zauna in ka tashi daga wajensa. Wannan gurbin rumfar Inna ta cike mini.

Furarta ita ce ta fi komai a wurin. Ta gero ce, kuma a turmi ake kirɓa ta, shi ya sa take da danƙo, ba ta wargajewa ta zama ruwan gari a ƙasan kwano. Yajin ya ji: citta, kanumfari, masoro, da ɗan barkono da sai ka haɗiye kake jin sa a maƙogwaro. A ƙwarya take damawa da ludayin duma, a gabanka, ba ta yarda da injin markaɗe ba. Kwano na dubu ɗaya yana riƙe ni har safiya. Sai dai nono ya zama abin da ya zama a jihar nan. Satar shanu da tashin rugage sun sa kindirmo na gaske ya yi wuya, masu sayarwa da yawa sun koma haɗa shi da madarar gari suna shiru. Inna ma wani lokaci da madarar garin take yi, amma tana faɗa. Za ta ce, "Ɗana, na yau ba na Hillani ba ne, in kana so in dama, in ba ka so ka sha kunu." Wannan maganar ta sa na yarda da ita a kan sauran abubuwa.

Kunun aya shi ne inda na fi sa ido, kuma a nan zan ɗan daɗe, don masu irin tarihina su gane. Aya da dabino da kwakwa cike suke da zaƙi, kuma zafin Gusau a watan Afrilu ba ya wasa. In aka bar gorar kunun aya a waje daga safe zuwa yamma, za ta fara tsami, ka buɗe murfi ka ji ta yi tsaki, wani wari ya bugo hancinka. Tsimuwa ce ta fara. Burkutu ma ai dawa ce aka jiƙa, ta tsiro, aka dafa, aka bari ta tsima. Kunun da ya kwana ba zai bugar da kowa ba, ciki kawai zai ɓata, amma ga wanda ya bar sha, warin nan kaɗai ya isa ya tayar da abin da ya kwanta. Mutum zai koma gida yana juye-juye a kan katifa bai san dalili ba. A rumfar Inna sau biyu ake haɗa kunun a rana, kaɗan-kaɗan, daga tata sai firiza, abin da ya rage da dare jikokinta ke shanyewa ko a zubar. Ban taɓa buɗe gorarta ta yi mini tsaki ba. Wani malamin Islamiyya da ke zama tare da mu ya taɓa kawo hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Inna ta ce ita ba ta yi karatu ba, amma kakarta ma haka take yi da kunu. Gora ɗari biyar ce. Kaurinsa daidai, ba a cika shi da ruwa ba, dabinon ne ke ba shi zaƙi.

Zoɓon kuwa bai yi mini ba. Sukari ya yi yawa, ga wani ƙamshin abarba na kanti da ake ɗiga masa wanda ya danne ɗanɗanon zoɓorodon. Yara na son sa haka, su ne kuma masu saye. Amma wanda ya daina giya ya yi hattara da zaƙi. Jiki ya saba samun abin da yake so cikin sauri, in aka hana shi wancan sai ya kama kwaɗayin sukari, mutum ya wayi gari yana shan lemo huɗu a zama ɗaya yana ganin ai halal ne. Halal ne, amma ciwon sukari bai san wannan ba. In ka gaya mata tun da rana tana ware maka gora marar sukari, da citta da kanumfari kawai. Wannan na fi so.

Akwai Maltina da Malta Guinness a firiza. Babu giya a cikinsu, an rubuta a jikin kwalbar, Maltina kuma tun 1976 kamfanin Nigerian Breweries ke yin ta. Na san wani direban tirela da ya ce ita ta taimake shi, duk sanda abin ya motsa sai ya buɗe mai sanyi ya kafa kai. Ni ban iya ba. Nauyin kwalbar a hannu, ƙarar buɗe murfi, da ƙamshin hatsin da aka tsirar, duk suna mayar da ni inda na baro. Kowa ya san inda takalminsa ke matsa masa. Abin da na yaba, ɗan Inna ya lura ba na taɓa su, bai taɓa tambayata dalili ba, in wani ya ce a ba kowa malta a kansa sai ya turo mini kunu ba tare da ya ɗaga kai ba.

Shayinsa na da kyau in ka ce ya rage ganye. Yana da hannun zuba Lipton, ga shi barci na wahalar da wanda ya bar sha a watannin farko. Na citta da na'a-na'a ba madara shi ya fi dacewa da dare. Wainar ƙwansa mai ya yi mata yawa.

Zaman wurin shi ne rabin abin da nake biya. Akwai masu dara a ƙasa gefen rumfa, akwai rediyo da ake kamo shirin dare na BBC, daga nan gardama ta ɓarke a kan farashin taki ko hanyar Funtuwa da wanda ya kwana a Tsafe saboda tsoron dare. Tela, ɗan acaɓa, malamin firamare, ma'aikacin sakatariya da ke jiran albashi. Ana kiran sallah kowa zai miƙe, kai ma ka miƙe, ba sai an yi maka wa'azi ba. Da farko ina zuwa ne don in kashe lokaci. Sannu a hankali na ga aiki na biyo ni daga bencin nan, wannan ya ce fitilar motarsa na wasa, wancan ya ce batirinsa na shanyewa cikin dare. Hannuna ya daina rawa, ina iya kama siririyar waya in like ta da dalma ba tare da na kira yaro ya riƙe mini ba. Kuɗin da a da ke tafiya a ledar giya na tara na sayi na'urar da ake soka wa mota ta faɗi ciwonta, na ƙara ɗaukar yara biyu masu koyo. 'Yata ta fari ta koma kawo mini littafinta in duba da dare. A da uwarta kan ce mata Baba ya gaji.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka fura magani ce. Wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya yanke lokaci ɗaya, jiki na iya yi masa bore: rawar hannu, zufa, amai, rashin barci, wani har farfaɗiya da gane-gane a kwana na biyu ko na uku, kuma wannan na iya kisa. A gida sai a ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. A yi addu'a, amma a kai shi asibiti. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a nan Gusau, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato, inda suka san wannan aikin. Likita ba Hisba ba ne, gaya masa gaskiyar abin da kake sha da yawansa. Rumfa irin ta Inna sai bayan an wuce wannan matakin take da amfani.

Aibobinta ba ɓoyayyu ba ne. Babu ban ɗaki, sai ka nemi lungu ko ka tafi masallaci. Da damina kwanon na yoyo ta gefen gabas, sauro kuma kamar an aiko su. Kofunan shayi a roba ɗaya ake ɗauraye su tun daga farkon dare har ƙarshe, abin da ba na so ko kaɗan a garin da amai da gudawa ke leƙowa da damina, don haka da kofina nake zuwa. Masu taba suna busawa a tsakiyar mutane. Akwai kuma samarin da kan zo da dare su sayi lemo su koma bayan rumfa, kowa ya san abin da suke zubawa a ciki. Tun Mayu 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, amma shi da tiramol ba su bar unguwa ba. Inna in ta gan su korar su take yi, da Zamfarcinta mai kaifi: "Ku tashi min nan, wanga wuri ba na 'yan ƙwaya ba ne!" Bayan ta shiga gida ɗan nata ba ya iya musu, sa'o'insa ne. Wannan shi ne babban abin da ya kamata su gyara, don mai sabon tuba bai kamata ya zauna yana kallon haka ba. Mata kuma ba sa zama, saye suke su wuce, ko su aiko yaro.

Wanda zai je, ya je tsakanin la'asar sakaliya da isha'i, lokacin da Inna ke nan da kanta. Ya riƙe tsabar kuɗi, don tiransifa na yawan maƙalewa a lungun. Ranar Juma'a fura na ƙarewa tun kafin magariba, sai dai ka aika a ajiye maka.