Dare Ɗaya ko Kaka Guda: Wanne Ya Fi Fitar da Zakaran Speedway na Gaskiya?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi adalci wajen naɗa zakaran duniya a tseren babur na speedway: tsohon tsarin da ake gama komai a dare ɗaya, ko na yanzu da ake tara maki tsawon kaka. Ni dai na kaka nake goyon baya, amma bari mu jera su ka gani da kanka.

Ga wanda bai san wasan ba: mahaya huɗu ne ke zagaya filin ƙasa mai siffar ƙwai sau huɗu, cikin kamar minti ɗaya an gama. Babur ɗin 500cc ne, giya ɗaya, babu birki, don haka a kwana sai mahayi ya kwantar da shi ya bar tayar baya ta zame. Na ɗaya maki 3, na biyu 2, na uku 1, na huɗu ya tashi a tutar babu.

Tsohon tsarin ya fara a Wembley ta Landan a 1936, inda Lionel Van Praag ɗan Ostireliya ya yi nasara, ya kuma ƙare a Vojens ta Denmak a 1994. Mahaya 16, tsere 20, kowa ya hau sau biyar ya haɗu da kowane abokin hamayya sau ɗaya. Wahalar shekara guda ke nan a cikin minti biyar na gudu. Inji ya mutu maka sau ɗaya, sai baɗi. Dubi 1973 a Chorzów ta Folan: Jerzy Szczakiel, wanda ba a sa shi cikin lissafi ba, ya yi kunnen doki da Ivan Mauger, maki 13 kowannensu. A tseren raba gardama Mauger ya faɗi, Szczakiel ya ɗauke kofi a gaban mutanen ƙasarsu. Dare ne mai daɗi ƙwarai, ba na rage masa komai. To amma wa zai ce ya fi Mauger, mutumin da ya ci wannan kofi sau shida tsakanin 1968 da 1979?

A 1995 hukumar tseren babur ta duniya, FIM, ta koma tsarin Grand Prix, da zango shida a kakar farko. Yanzu akan yi wajen goma, a birane irin su Warsaw da Prague da Toruń, kowane fili da halin ƙasarsa. Nan ba zafin dare ɗaya ake aunawa ba, juriya ce. Mark Loram ɗan Ingila ya zama zakara a 2000 ba tare da ya ci ko zango ɗaya ba, kullum dai yana nan kusa da gaba yana tsintar maki. Wasu na ganin wannan aibi ne. Ni ina ganin shi ne ainihin abin da kaka take nema, domin sannu ba ta hana zuwa. Tai Woffinden kuma ya karya ƙashin da ke tsakanin wuyansa da kafaɗarsa sau biyu a 2013, ya dawo ya ci kofin. Da a tsohon tsari ne karayar ta faɗo daidai lokacin wasannin share fage, da labarin ya ƙare tun a nan.

Inda kaka ta gaza, ban ɓoye ba. Wani lokaci tazarar maki kan yi yawa har zangon ƙarshe ya rasa armashi, kuma fuskoki kusan iri ɗaya ake gani duk shekara, ƙofar baƙo ta ƙuntata. Idan gwani irin Bartosz Zmarzlik ɗan Folan ya kama, kamar yadda ya yi a 2019 da 2020, sannan 2022 zuwa 2024 a jere, da wuya sa'a ta ƙwace masa.

Mutum biyu sun ci kofi a duka tsarin. Tony Rickardsson ɗan Suwidin ya ci daren ƙarshe na 1994, ya ƙara biyar a Grand Prix. Hans Nielsen ɗan Denmak, wanda Rickardsson ya doke a tseren raba gardama na wannan daren a gaban 'yan Denmak, shi ne ya ɗaga kofin kaka ta farko a shekarar da ta biyo.