Shagon da ya buga mini muhawarorin Sanata Badinter a Yamai

A kusa da Jami'ar Abdou Moumouni akwai wani ƙaramin shagon fotokofi da buga takardu, kuma can na kai aikin da ya daɗe yana damuna, wato tattara abin da Robert Badinter, lauya kuma tsohon ministan shari'ar Faransa, ya faɗa a majalisar dattawan Faransa tsakanin 1995 da 2011, lokacin da yake sanatan Hauts-de-Seine, wani yanki da ke kusa da Paris. Da yake dokokinmu na Nijar sun samo asali da yawa daga na Faransa, kuma ba mu da majalisar dattawa tamu, ɗalibin shari'a yana buƙatar ya ga yadda ake tankaɗe doka a zaure na biyu.

Abin da ya sa nake yaba shagon shi ne mai shi bai yi aikin ganin ido ba. Na roƙe shi jawaban Badinter kaɗai domin kuɗina su isa, sai ya ce, "Ƙanena, idan ka yanke masu ba shi amsa, ai rabin magana ka saya." Ya sauko da cikakken rahoton zaman daga shafin majalisar, ya ƙanƙanta rubutun ya buga gaba da baya, har farashin ya dawo jika huɗu tare da ɗinki.

Da na zauna karatu na gane gaskiyarsa. A muhawarar farkon 2008 kan dokar da ministar shari'a Rachida Dati ta kawo, wadda ta ba da damar ci gaba da tsare wasu fursunoni bayan wa'adinsu ya cika idan ana ganin suna da haɗari, Badinter ya tsaya a kan cewa ba a tsare mutum saboda laifin da ake zaton zai aikata nan gaba. Ƙarfin hujjarsa bai fito sosai ba sai da na karanta ta gefe da gefe da ta masu kare dokar, waɗanda suka yi ta ambaton haƙƙin waɗanda aka cuta. Dokar ta wuce duk da haka. Akwai kuma zaman 2007, inda aka shigar da haramcin hukuncin kisa cikin kundin tsarin mulki, shekaru 26 bayan shi da kansa ya jagoranci soke shi yana minista a 1981. Wannan ɓangaren ya taɓa ni ƙwarai, domin hukuncin yana nan cikin dokarmu, ko da yake rabon da a zartar da shi tun 1976.

Aibin da na gani shi ne tawada ta dusashe a shafukan ƙarshe, kuma wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, sai da na koma washegari da hantsi. Ya sake buga shafukan bai karɓi ko dala ba, amma ya kamata ya duba su kafin ya ɗinke.